Makarantun kuɗi uku, yara biyu: da me ake auna wacce ta fi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wani babban birni, mu ma mun tare can watanni biyu da suka wuce. 'Ya'yanmu biyu ne, namiji mai shekara 11 da mace mai shekara 6. Makarantun kuɗi a birnin sun fi a ƙirga, kowace kuma cewa take yi babu kamarta. Mun tace sun dawo uku. Ta farko ta yi suna wajen cin jarrabawa, amma sai yaro ya ci gwajin shiga, kuma daga gidanmu tafiyar awa ɗaya ce in akwai cunkoso. Ta biyu tana bin manhajar ƙasashen waje, ita ce kuma mafi tsada. Ta uku tana kusa da mu, shekararta biyar da buɗewa, ba ta yi suna ba tukuna. Maigidana ya karkata ga ta farko, ni kuwa na rasa tudun dafawa. Don Allah a ba mu shawara. Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da hujjar maigidanki, domin ita ce hujjar da akasarin iyaye suke kafawa, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Sakamakon jarrabawar da makaranta take liƙawa a bakin ƙofarta abu biyu ne a cakuɗe: irin yaran da ta ɗauka, da kuma abin da ta koya musu bayan ta ɗauke su. Makarantar da take tankaɗe masu neman shiga, ta ɗebi waɗanda suka fi ƙoƙari ta sallami sauran, dole ne sakamakonta ya yi kyau ko da koyarwarta ba ta wuce ta kowa ba, saboda tun daga ƙofa aka yi rabin aikin.

Wannan magana an daɗe ana bincikenta. A shekarar 1966 aka fitar da rahoton wani masani mai suna James Coleman a Amurka, wanda ya duba ɗalibai sama da dubu 600, ya kuma gano cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi bambancin kayan aikin makarantu tasiri a kan ƙoƙarinsa. Gwajin PISA, wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD take yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama tun daga 2000 ya sha nuna cewa ɗaliban makarantun kuɗi suna gaba a maki, amma da zarar an cire tasirin arziki da ilimin iyaye, a yawancin ƙasashe ratar takan ɓace. Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne binciken da aka buga a 2014, wanda masanin tattalin arziki Joshua Angrist yake cikin marubutansa, a kan fitattun makarantu masu gwajin shiga a biranen Boston da New York na Amurka. An kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da kyar da waɗanda suka faɗi da kaɗan, wato yara masu ƙwazo kusan ɗaya, sai aka tarar daga baya makinsu bai bambanta da wani abin kirki ba. Waɗancan makarantun gwamnati ne, amma darasin ya shafi duk makarantar da sunanta ya ginu a kan zaɓen ɗalibai.

Ba ina cewa makarantar farko ba ta da kyau ba ne. Ina cewa takardar sakamako ita kaɗai ba ta isa shaida ba. In kun je, ku tambayi shugaban makarantar yara nawa ne suka fara ajin da ya gama bana, nawa ne kuma daga cikinsu suka zauna jarrabawar da sunan makarantar, domin akwai makarantun da suke lallaɓa iyayen yaro mai rauni su janye shi ana saura shekara ɗaya, don kada ya ɓata musu lissafi. Ku tambaye shi kuma abin da ake yi wa yaron da ya fara ja da baya a lissafi a tsakiyar zango. Shugaban da ya san aikinsa zai faɗa muku wanda yake lura, da bayan makonni nawa ake kiran iyaye, da irin ƙarin darasin da ake bayarwa. Wanda ya ce muku su ba su da irin waɗannan yara, ya riga ya ba ku amsa.

Abin da ya fi gini da motocin ɗaukar ɗalibai muhimmanci shi ne malamin da zai tsaya gaban yaronki kullum, kuma a nan tambaya ɗaya ta fi min sauran amfani: malamai nawa ne suka bar makarantar a shekara biyun da suka wuce? Inda malamai suke zama shekara da shekaru, galibi ana biyan su a kan kari, ana mutunta su, kuma shugabanci yana da tsari. Inda kowane zango sai an ga sabuwar fuska, yaro yakan ƙare shekara da malaman lissafi uku, kowanne ya fara daga inda ya ga dama. Yawan ɗalibai a aji ma abin dubawa ne, musamman ga 'yarki. Gwajin da jihar Tennessee ta Amurka ta fara a 1985 ya rarraba yara tsakanin azuzuwa masu ɗalibai 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, kuma yaran ƙananan azuzuwan sun fi ci gaba a karatu da lissafi a shekarun farko na makaranta. Sai dai kada ki karɓi lissafin da ake yi na raba yawan ɗalibai da yawan ma'aikata, wanda har shugaba da mai kula da ɗakin karatu ake sakawa ciki. Ki leƙa ajin da za a sa ta, ki ƙirga kujeru da kanki.

Yanzu batun nisa, wanda a babban birni iyaye suke rainawa har sai sun ɗanɗana. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, awa biyu ke nan kullum. In shekarar karatu kwana 180 ce, an tashi da awa 360, daidai da kwana 15 cur, dare da rana, yaro yana zaune a mota. Wannan lokaci daga barcinsa da wasansa da aikin gidansa ake yankowa. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga yara 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 kuma ga matasa 'yan 13 zuwa 18. Yarinya 'yar shekara 6 da za a tasa tun duhu bai washe ba, ta dawo gida a galabaice, ba ta da sauran ƙarfin morar ingancin da aka kai ta nema. Ga kuma ranar da za a kira ku a ce ba ta da lafiya, ga abokan da duk suke can wani ɓangaren birni. Ga 'yarki dai, nisan nan kaɗai ya isa ya sa in cire makarantar farko daga lissafi. Ga ɗanki abin yana iya yiwuwa, amma kafin ku yanke, ku bi hanyar nan da shi sau biyu a ranar aiki, a daidai lokacin da zai riƙa fita da lokacin da zai riƙa dawowa.

Makaranta ta biyu kuwa, kalmar manhajar ƙasashen waje tana rufe abubuwa daban-daban, ya kamata ku san wanne ake nufi. Akwai tsarin Ingila, inda ake zana jarrabawar IGCSE a wajen shekara 16, sannan a yi shekara biyu ana karatun share fagen jami'a da ake kira A-level, yawanci a darussa uku kawai, a zurfafa a cikinsu. Akwai kuma tsarin ƙasa da ƙasa na IB (International Baccalaureate), wanda aka kafa a Geneva a 1968, inda ɗalibin shekaru biyun ƙarshe yake ɗaukar darussa shida, ya rubuta doguwar maƙala ta kalmomi har 4,000, mafi girman maki kuma 45 ne. Na farko ya dace da yaron da ya san inda ya dosa tun da wuri, na biyu ya fi dacewa da wanda hannunsa ya faɗa ko'ina kuma yake jure yawan aiki. Hukumar IB da ta Cambridge, mai shirya jarrabawar IGCSE da A-level, duk suna wallafa sunayen makarantun da suka amince da su a shafukansu na intanet, don haka cikin minti biyar za ki gane ko makarantar tana da izini ko sunan kawai ta ara. Babbar tambayar ita ce inda kuke sa ran ɗanku zai yi jami'a. In a cikin ƙasar da kuke zaune ne, ku bincika ko jami'o'inta suna karɓar wannan takarda kai tsaye ko sai an haɗa da jarrabawar ƙasa, domin biyan kuɗi mai yawa a kan takardar da a ƙarshe sai an sake neman wata ba dabara ba ce.

A nan ne kuma maganar kuɗi take shigowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna kuɗin bana da albashin bana. 'Yarki tana da kimanin shekara 12 a gabanta kafin ta gama sakandare, ɗanki kuma wajen shida ko bakwai. Kuɗin da yake ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara yakan kusa ninkawa a shekara bakwai. Ku nemi kowace makaranta ta ba ku a rubuce abin da ta karɓa a shekaru uku ko huɗu da suka wuce, da duk abin da ba ya cikin kuɗin zango: rajista, kuɗin ajiya, littattafai, kayan makaranta, mota, tafiye-tafiye, da kuɗin jarrabawar waje, wanda sau da yawa daban ake biyansa. Ku karanta takardar yarjejeniya kafin ku sa hannu, domin makarantu da dama suna shar'anta cewa wanda zai cire ɗansa sai ya ba da sanarwar zango guda, in ba haka ba ya biya kuɗin zangon. Ku tambayi rangwamen 'yan'uwa da tallafin ɗalibai masu ƙwazo, ba abin kunya ba ne. Cire yaro daga makaranta a tsakiyar sakandare saboda kuɗi ya gagara ya fi yi masa illa a kan a sa shi tun farko a wadda ba ta kai ta suna ba amma za a iya riƙewa har ƙarshe.

Makaranta ta uku ba ta da tarihin da za a duba, saboda haka ita kanta za a duba. Ku ga takardar rajistarta da hukumar ilimi da rahoton masu duba makarantu na ƙarshe. Ku san mai ita, ku san ko ginin nata ne ko haya take yi, ku san shekara nawa shugaban ya yi yana koyarwa kafin ya hau kujera. Mai shekara biyar da buɗewa mai yiwuwa ba ta taɓa yaye ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ba, wato in kun sa ɗanku, yana cikin waɗanda za a koyi aikin a kansu, kuma sai kun tabbatar tana da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya mai aiki da izinin zama cibiyar jarrabawa. Ga firamare wannan damuwa ba ta da nauyi sosai.

Duka ukun ku ziyarce su a ranar karatu ta yau da kullum, ba ranar da aka share wuri aka gayyaci iyaye ba, domin gani ya kori ji. Ki roƙi a nuna miki littattafan rubutun yara biyu ko uku, ki ga ko malami yana gyara da bayani ko alamar maki kawai yake zanawa. Ki shiga banɗakin ɗalibai, ba na baƙi ba. Ki tambayi yadda ake hukunta yaro, da wanda yaro zai kai wa kuka in ana cin zalinsa, da yadda ake tantance ma'aikata da direbobi kafin a ɗauke su, da wanda ake miƙa wa yaro in an tashi. Sannan ki tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ki yi hira da iyaye biyu ko uku waɗanda ba makarantar ce ta zaɓo miki su ba, in kuma kin samu wanda ya cire ɗansa, ki ji dalilinsa.

Da ni ne a matsayinku, zan sa 'yar a ta kusa da gida muddin ajinta da malamarta da takardun makarantar sun gamsar da ni. Ɗan kuma zan bar shi ya zauna gwajin ta farko, tun da zama gwaji bai wajabta shiga ba. In ya ci da rata mai kyau, ya kuma jure hanyar a gwajin da kuka yi, ku kai shi. In da kyar ya tsallake, ku yi tunani sosai, domin zama a ƙarshen aji shekara shida bayan tafiyar awa biyu kullum yana iya karya wa yaro gwiwa. Ba dole ne su biyun su kasance a makaranta ɗaya ba, ko da yake hakan yana sauƙaƙa kai da ɗauko. Shi ɗan shekara 11 ya isa a ji ta bakinsa, don haka ku nemi a bar shi ya yini a aji a kowace makarantar da kuke tunani, ya dawo ya ba ku labari. Ku hanzarta tambayar ranar rufe rajistar gwajin, domin makarantu masu gwajin shiga sukan rufe watanni da yawa kafin sabuwar shekarar karatu ta kama.