Amsa: cire zinare daga allon matacciyar waya

Malam, ka ce ka tara allunan lantarki na cikin matattun wayoyi a unguwar PZ ta Zariya, ko ruwan batir zai fitar maka da zinaren? Ba zai fitar ba. In da asid ne, yawanci sai an haɗa asid biyu, haidirokilorik kashi 3, naitirik kashi 1, sannan zinare ke narkewa. Jan hayaƙin da ke tashi kuwa huhu yake ci. Na ga wani yaro a Sabon Gari ya gwada cikin ɗaki a rufe, ya fito yana tari har da hawaye. Zinaren ma shafe ne kawai a bakin ƙananan fil-fil na jikin allon, na waya ɗaya da ƙyar ya kai ƙwayar gero. In buhu ɗaya ne dai ka tara, gara ka sayar da allunan a kilo. In ka nace, fara leƙa sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru.