Hoton Agwagin da Na Gada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da aka raba kayan ɗakin marigayi mahaifinmu, sai na sami wani hoto a cikin gilashi: agwagi biyu a bakin tafki, ga ciyayi ga gajimare, namijin kansa kore shar kamar ka taɓa shi ya tashi. A ƙasa akwai sa hannu da fensir, da lamba 87/500. Zanen hannu ne? Yana da wata daraja?
Mai karatu daga Daura

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Abin da ke hannunki bugawa aka yi. Lambar nan na nufin kwafi 500 aka fitar, naki shi ne na 87.

Ki ciro shi a hankali, ki ari tabaron ƙara girma wajen mai gyaran waya, ki duba wuyan agwagwar. In kin ga ɗige-ɗige ƙanana a jere, ja da shuɗi da rawaya da baƙi, to injin ɗab'i ne irin wanda ke buga kalanda, kuɗinsa ba zai taka kara ya karya ba. In kuwa takardar mai kauri ce, kika shafa gefen hoton kika ji ɗan lotsawa ya zagaye shi, sawun farantin ƙarfe ne da aka sassaƙa zanen a kai aka danna. Haka aka buga hotuna 435 na tsuntsayen Amurka da shahararren mai zanen tsuntsaye Audubon ya zana, tsakanin 1827 da 1838, sannan aka bi kowanne da launi da hannu. A 2010 an sayar da cikakken kundin a Landan sama da fam miliyan 7. Amma kada ki fara lissafin kujerar Makka, naki ba na Audubon ba ne, domin lambar fensir al'ada ce da ta zo bayan zamaninsa.

Agwagwar kuma baƙuwa ce, ta Turai da Amurka da Asiya. Mu nan Katsina kirinjijiya muka sani, mai farar fuska da fito, sai dinya. Ni dai har yau ina jiran mai zanen da zai zauna bakin dam ɗin Zobe ya fitar mana da su haka.

Kada ki rataye shi inda rana ke dukansa, launin zai koɗe. Bangon da ke tsotson ruwa da damina ma ki guje shi, takardar za ta yi tabo, gara kuma ta samu hanya. Ƙurar hunturu a jikin gilashi kawai za ki goge, da busasshen ƙyalle.