Tambaya da Amsa: Wane rim da wace taya suka dace da tsohuwar Datsun a filin tsere?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni makaniki ne a sana'iyyar Jidda, wato unguwar garejoji da masu sana'a, kuma ina da Datsun 240Z ƙirar 1972 wadda na gyara mata inji da birki, ina da niyyar kai ta filin tsere na Dirab da ke wajen Riyad idan sanyi ya shigo. Har yanzu rim ɗinta na ƙarfe ne mai inci 14, wanda ta zo da shi daga kamfani. Wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci ya nuna mini rim huɗu na magnesiyom, ya ce sa'annin motar ne, kuma da na ɗaga ɗaya sai na ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Abokaina kuwa sun ce in rabu da su, in sayi masu inci 17 in sa faffaɗar taya. Wanne ya fi, kuma wace taya zan nema?
Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Motar da ke hannunka ba ta wasa ba ce, domin irinta ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, kuma na yi murna da ka zaɓi filin tsere maimakon titin da jama'a ke bi da iyalansu. Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun da aka kawo maka.

Neman rim marar nauyi da kake yi yana kan hanya. Rim da taya da birki ba sa zaune a kan sifirin kamar sauran jikin mota, su ne ke hawa da sauka a duk lokacin da aka taka gargada, kuma aikin sifirin da shokazoba shi ne su mayar da taya ƙasa da sauri ta ci gaba da riƙe kwalta. Idan ƙafar ta yi nauyi, sai ta riƙa tsalle tana jinkirin dawowa, a daidai lokacin da direba ya fi bukatar riƙonta a tsakiyar kwana. Ban da haka, ƙafa juyawa take yi, saboda haka inji yana wahala wajen juya ta, birki kuma yana wahala wajen tsayar da ita, kamar mai gudun da taɓo ya liƙe wa takalmi. Nauyin da ya fi nisa daga tsakiyar ƙafa shi ya fi cutarwa, kuma abin da ke can gefe shi ne taya da bakin rim. Wannan ne ya sa nake mamakin masu kashe dubban riyal don rage kilo ɗaya a rim, sannan su ɗora masa taya mai nauyi ba tare da sun taɓa aza ta a kan sikeli ba.

Magnesiyom ya fi alminiyom rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa masu tsere suka rungume shi a shekarun 1960, lokacin da rim ɗin Minilite na Ingila mai hannuwa takwas ya yi tashe. Aibinsa shi ne ba ya jure laima da gishiri, kuma yana saurin cinyewa a inda ya haɗu da ƙarfe, wato wajen ramukan noti da fuskar da ke manne da gindin ƙafa, inda duk ƙarfin kwana ke taruwa. Rim ɗin da ya haura shekara hamsin, wanda ba ka san sau nawa ya daki dutse ba, kuma wataƙila ya daɗe yana shaƙar iskar Bahar Maliya, yana iya yin kyau a ido alhali tsagewa tana ɓoye a ƙarƙashin fenti. Rim na ƙarfe lanƙwashewa yake yi ya ba ka alama, wannan kuwa karyewa yake yi farat ɗaya, kuma idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe ta. Idan sha'awar tarihi ta sa ka saye su, ka kai a cire fentin a yi musu gwajin tsagewa da ruwa mai launi, amma ko sun tsallake gwajin, ni dai ba zan so in ji ka shiga kwana da gudun kilomita 150 a kansu ba. Wanda aka taɓa yi wa walda kuwa, kada ma ka taya.

Maganar inci 17 ba ta bukatar dogon bayani. Babban rim ya fi nauyi kuma yana tura ƙarfen can gefe, tayarsa mai gajeren gefe ba ta jituwa da motar da aka tsara ta tana kwantawa a kwana, sannan 240Z ba ta da sitiyari mai taimakon inji, don haka damatsanka ne za su biya kuɗin faɗin tayar.

Kafin ka sayi komai, ka nemi dokokin rukunin da za ka shiga daga masu shirya tseren, domin Hukumar Motoci da Babura ta Saudiyya ce ke kula da gasanni, kuma a tseren motocin tarihi, irin wanda ke bin sashen K na dokokin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ana ƙayyade girman rim da nau'in taya gwargwadon zamanin motar. Bayan doka sai taya, bayan taya sai rim, domin babu amfanin rim mai kyau idan babu tayar tsere da ake samu a girmansa. A nan ne inci 15 ya yi wa 14 fintinkau: tayoyin tsere sun fi yawa a girmansa, kuma yana ba da sarari idan wata rana ka ƙara girman birkin gaba. Masu irin motarka da yawa suna amfani da rim mai inci 15 da faɗin inci 7, da taya mai faɗin milimita 205.

Sai dai ka yi lissafin tsayi. Tayar asali mai lamba 175 a kan inci 14 tana da tsayin kusan milimita 636, 205/60R15 (faɗin milimita 205, tsayin gefe kashi 60 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15) tana da 627, yayin da 205/50R15 take da 586 kacal, wato ta gaza da kusan kashi 8 cikin ɗari. Gajeriyar tana sa mota ta fi zafin tashi daga kwana, amma giya za ta riƙa ƙarewa da wuri, agogon gudu zai nuna fiye da gaskiya, kuma cikin motar zai matso ƙasa da kimanin milimita 25. A fili mai yawan kwana wannan riba ce, a mai doguwar miƙaƙƙiyar hanya kuwa sai an auna.

Rim ɗin kansa ya zama sabo, na alminiyom, daga kamfanin da aka sani. Wanda aka ƙera da matsi ya fi na zubi ƙarfi da rashin nauyi, amma tsadarsa ba ta zama dole ga mai farawa ba. Na zubi mai kyau, irin su RS Watanabe ko Panasport masu fasalin zamanin motar, ya wadatar. Ka duba tambarin JWL da VIA, alamomin ingancin rim na Japan, idan ƙirar Japan ce, ka kuma yi hattara da jabu. Ramukan motarka huɗu ne a da'irar milimita 114.3, kuma lambar ET da ke bayan rim, wadda ke nuna zurfin zamansa, ya kamata ta kasance kusa da sifili. A tashlih, wato inda ake sayar da sassan matattun motoci, za ka ga rim masu ramuka iri ɗaya daga motocin da ke ja da ƙafar gaba, amma lambarsu takan kai 40, kuma za su goga wa sifirin daga ciki. Noti ma ba a yi masa aron hannu: zarensa M12x1.25 ne, mazauninsa kuma dole ya dace da ramin sabon rim.

Game da taya, tunda sabon shiga ne kai a fili, ka fara da wadda ke tsakanin ta titi da ta tsere, kamar Avon CR6ZZ da aka yi domin tsofaffin motoci, ko Toyo R888R idan doka ta yarda. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke jikin tayar, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira, domin a zafin ƙasar nan taya tana bushewa a shago tun ba ta taɓa kwalta ba. Alamar gudu kada ta gaza V, wato kilomita 240 a awa, alamar jure zafi kuma ta zama A. Iskar taya tana ƙaruwa da kusan psi ɗaya (ma'aunin matsin iska) a duk digiri 5 zuwa 6 na ƙarin zafi, saboda haka ka riƙa aunawa da gejinka da zarar ka fito daga zagaye, kana daidaitawa da abin da kamfanin tayar ya faɗa, ba da abin da mai banshar, wato mai faci, ya saba sa wa motocin haya ba.

Akwai abin da, a matsayinka na makaniki, za ka fi kowa gane haɗarinsa. Taya mai riƙo sosai tana ɗora wa boris da kusoshin ƙafa da sandunan baya nauyin da ba a ƙera su dominsa ba, kuma a doguwar kwana tana sa man inji ya taru gefe guda a cikin kaskonsa har famfo ya zuƙi iska. Ka sabunta boris da kusoshi, ka sa shinge a cikin kaskon mai, ka sake duba ƙarfin noti bayan zagayen farko. Tsofaffin rim ɗinka na ƙarfe kuma kada ka sayar da su: ka bar su da tayar titi domin zirga-zirga da zuwa fahas, wato binciken lafiyar mota, ka ɗauki na tseren daban, domin tsakanin Jidda da Riyad akwai kusan kilomita 950, kuma tayar tsere mai laushi za ta ƙone wani ɓangare na amfaninta a kan wannan hanya kafin ta ga ƙofar Dirab.