Amsar Kawu Game da Kalmar Halleluya

Ya ke 'yata,

Saƙonki ya iso gare ni a nan Jos, kuma na ji daɗin labarin cewa kin shiga ƙungiyar mawaƙa a ikkilisiyarku ta Abuja. Kin ce wata ƙawarki 'yar Katolika ta shaida miki cewa ba sa furta Halleluya a majami'arsu tun daga Larabar Toka, wato ranar da azuminsu yake farawa, har zuwa daren Ista, alhali kuwa shugaban mawaƙanku yana sa ku jefa ta a duk inda waƙa ta bar gurbi, shi ne kika tambaye ni mene ne ma'anarta, kuma wane ne a kan daidai.

Kalmar ta Ibrananci ce, kuma gaɓa biyu aka haɗa: "hallelu", wato "ku yabi", da "Yah", wanda yake gajeren sunan Ubangiji. Ki lura da wannan "ku" ɗin da kyau, domin a nan zancen yake. Wanda ya ce Halleluya ba labarin farin cikin zuciyarsa yake bayarwa ba, kira yake yi ga jama'a, yana umartar duk wanda ke jin muryarsa ya tashi ya yi yabo. Kira kuwa yana neman amsa. Shi ya sa tun muna yara, idan mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce Halleluya, majami'a duka sai ta ɗauka da Amin, kuma wannan al'ada ba mu muka ƙago ta ba. A cikin Sabon Alkawari kalmar ta zo sau 4 kawai, dukansu a Wahayin Yahaya sura 19, inda babban taro a sama ya fara, sa'an nan dattawan nan 24 suka faɗi ƙasa suka yi sujada suna cewa Amin, Halleluya. Helenanci aka rubuta wannan littafi da shi, amma marubucin ya bar kalmar da Ibranancinta, haka kuma ta ratsa harsunan duniya har ta zo bakinmu. An kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, mun kuma san yadda ake cewa "ku yabi Ubangiji" da harshenmu, duk da haka iyayenmu suka riƙe ta yadda suka same ta. A ganina sun yi hikima, musamman a wannan Filato tamu, inda Birom da Angas da Tarok da Bahaushe sukan zauna a benci ɗaya.

Mu Hausawa mun san yabo ciki da bai. Kin ga maroƙi a ƙofar fada ko a gidan biki, yana jero wa mai sarauta kirari, yana tono masa kakanni, idonsa kuwa yana kan aljihu, domin yabonsa jari ne, kuma in kyauta ta yi jinkiri, zambo na nan kusa. Ban raina sana'ar kowa ba, amma ina so ki gane cewa Halleluya ba irin wannan yabo ba ce. Zabura biyar na ƙarshe, daga 146 zuwa 150, kowacce da wannan kalma ta buɗe, da ita kuma ta rufe, ta 146 ɗin kuwa ita ce ta gargaɗe mu kada mu dogara ga shugabanni, ta juya da mu ga Wanda yake ciyar da mayunwata, yake tallafar marayu da gwauraye. Zabura 106 ma haka ta fara, haka ta ƙare, amma tsakaninta duk lissafin zunuban Isra'ila ne da wahalar da suka jawo wa kansu. Mutanen da suka rera ta ba sa cikin daula, roƙon a tattaro su daga cikin al'ummai suke yi.

Ban fahimci nauyin wannan sosai ba sai ranar da muka binne kakarki. Ke kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Da aka sauke akwati, ni da mahaifiyarki muka kasa ko buɗe baki, sai matan zumunta, waɗanda suka yi shekaru suna zama da ita kowane mako, suka fara kaɗa tulunansu na kiɗa a hankali, wata tsohuwa daga cikinsu ta ja waƙa da muryar da kuka ya riga ya dushe, ta kai ga Halleluya. Na ji kamar ni kaɗai take kira, kuma da ƙyar na amsa, amma na amsa, daga nan ne ƙafafuna suka iya ɗaukata. Maƙwabtanmu Musulmi da suka zo gaisuwa sun san wannan hali, domin su ma idan mutuwa ta ratsa gidansu aka tambaye su ya haƙuri, sukan ce Alhamdu lillahi.

To, game da ƙawarki, gaskiya ta faɗa miki. Katolika da Angalikan da wasu ikkilisiyoyi sukan ajiye kalmar a cikin azumin kwana 40, saboda lokaci ne na tuba da tunawa da shan azabar Almasihu, sa'an nan su dawo da ita da ƙarfi a bikin tashinsa daga matattu. Mu a ikkilisiyarmu ta ECWA ba a koya mana haka ba, kuma babu ayar da ta wajabta shi, saboda haka kada ki ɗauka kuna yin laifi. Sai dai ni ina girmama wannan al'ada, domin wanda ya yini da ƙishi shi ya san daɗin ruwa, kuma na taɓa halartar irin wannan sujada ta daren Ista, na ga dattawa suna share hawaye da aka sake rera ta.

Shugaban mawaƙanku kuwa, ba na shakkar niyyarsa, amma ban yarda da yadda yake yi ba. Sunan Ubangiji yana cikin kalmar nan, bai kamata a mai da ita abin cike gurbi ba, ko abin da ake faɗa domin a jira mai ganga ya daidaita. Kada ki yi masa gyara a gaban jama'a. Ki same shi shi kaɗai bayan koyon waƙa, ki nuna masa Zabura 106 da 146, ki roƙe shi ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu a cikin waƙa inda za ku ja kalmar, ku kuma dakata kaɗan domin ikkilisiya ta sami zarafin amsawa.

Gwaggonki tana gaishe ki, ta kuma ce idan Allah ya kai mu Ista ki zo Jos, za ta fito miki da littafin waƙoƙin kakarki, wanda yake ajiye a akwatinta tun ranar nan.

Ni ne,
Kawunki