Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Kalmomin Ingilishi

Tambaya: Malam, ina karatun Ingilishi a jami'a nan Damagaram. An ba mu wata tsohuwar waƙa cike da "thou", "thee" da "thy". An ce mana duka "you" suke nufi. To mene ne bambancinsu? (Ɗalibi, unguwar Birni)

Amsa: Ɗana, wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, taƙaitawa ya yi. A da, "thou" na mutum ɗaya ne, wato kai ko ke, "ye" kuma na jama'a, wato ku. Kowacce tana sauya kama gwargwadon aikinta a jimla. "Thou" shi ne mai aikatawa, "thee" wanda aikin ya faɗa wa, "thy" da "thine" kuma mallaka. Idan kalmar da ke biye ta fara da wasali sai a sa "thine", kamar "thine eyes", idanunka. Haka "ye" mai yi ne, "you" wanda aka yi wa.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wutsiyar aikatau. "Thou" na tafiya da -st ko -est: "thou hast", "thou goest". Wutsiyar -eth kuwa ta "shi" ce da "ita": "he goeth", "she hath". Duk wanda ya rubuta "thou goeth" ko "I hath" don ya burge, ya haɗa rigar wani da wandon wani.

Yadda "thou" ta ɓace ba zai ba ka wuya ba, tunda ka yi lakwal ka san "tu" da "vous" na Faransanci. Bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, sannu a hankali aka riƙa ce wa babban mutum "you", kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo "ku". Aka bar "thou" ga yara, barori da aminai. Zuwa ƙarni na 17, ce wa baƙo "thou" ya zama raini, sai mutane suka gudu zuwa "you" don kauce wa rigima. 'Yan ɗariƙar Kirista ta Kweka sun dage kan ce wa kowa "thou", wai duk ɗaya suke a gaban Allah, sun kuma sha wuya a kan haka.

Abin mamaki, yau kunne na jin "thou" a matsayin kalmar girmamawa. Dalili shi ne Baibul ɗin Sarki James na 1611 ya riƙe ta don ya raba mutum ɗaya da jama'a, wasu masu fassara Alƙur'ani kuma, irin su Pickthall a 1930, suka bi wannan salon. Har gobe a yankin Yokshaya na arewacin Ingila za ka ji dattawa na cewa "tha", wato "thou".

Tambaya: Na ji wani Bature a rediyo ya ce "fortnight". Dare huɗu ne ko arba'in? (Malamar makaranta, Zengo)

Amsa: Malama, ba ko ɗaya. Mako biyu ne. "Fourteen nights" ce aka dunƙule, dare goma sha huɗu, domin kakanninsu da dare suke ƙirga lokaci, kamar yadda mu ke cewa kwana bakwai. Tana da ƙanwa, "sennight", mako guda, amma ita ta mutu. "Fortnight" na nan daram a Ingila. A Amurka ba kasafai ake jin ta ba. Irin wannan dunƙulewa ce ta haifi "goodbye", wadda asalinta addu'a ce, "God be with ye", Allah ya kasance tare da ku.

Tambaya: A hoton wani shago na ga an rubuta "Ye Olde". Wannan "ye" ɗin "ku" take nufi? (Tela, kasuwar Dole)

Amsa: A'a, maigida, "the" ce, kuma haka ya kamata a furta ta. Tsohon Ingilishi na da harafi þ mai sautin "th". Da aka fara buga littattafai a Ingila a 1476, haruffan ƙarfen da ake kawowa daga ƙetare ba su da shi, sai masu ɗab'i suka sa y a madadinsa saboda sun yi kama a rubutun hannu. Masu shaguna na yau ado kawai suke yi da ita.

Tambaya: Ƙamus ɗina ba shi da "bairn" da "kirk". Ingilishi ne kuwa? (Mai sauraron ƙwallo, Mirriya)

Amsa: Ingilishi ne, na arewacin Ingila da Sukotilan. "Bairn" yaro ne, jinsinta ɗaya da "bear", wato haihuwa. A Suwidin da Nowe har yanzu "barn" suke ce wa yaro. "Kirk" majami'a ce, wadda mutanen kudu ke kira "church". Mayaƙan Bayikin, mutanen yankin su Suwidin da Nowe, da suka kama birnin Yok a 866 sun zauna a arewa, harshensu ya bar tabo a bakin mutanen wurin. Ƙaramin ƙamus na makaranta Ingilishin kudu yake bi. Nemi babban na Okusfod, ka duba alamar da ake sawa gaban kalma mai nuna ta yanki ce ko tsohuwa ce, kafin ka sa ta a takardar jarrabawa.