Kwampreson esin saman rufi na gurnani amma ba ya tashi

Malam, ka ce babbar esin da ke kan rufin shagonku mai layin wuta uku ce, fanka na juyawa, amma kwampreso sai ya yi gurnani bireka ta faɗi. Ni dai na fi zargin layi ɗaya ne ya ɗauke.

Ka sa mita ka auna tsakanin layukan bibbiyu, ya kamata ka samu kusan volt 400 a kowanne. Bambancin da ya wuce kashi 2 cikin 100 yana dafa waya a cikin kwampreso. Ka auna kafin kontakta (makunnin da ke haɗa wa kwampreso wuta) da bayanta, don sau da yawa bakinta ne ya ƙone, ko tururuwa ko ƙadangare ya maƙale a ciki. Kada ka ɓata kuɗi kan kafasita (ɗan gwangwanin da ke taimaka wa inji ya tashi), kwampreso mai layi uku ba ya amfani da ita, ta fanka ce.

In wuta lafiya lau, kashe komai daga babban makunni, cire wayoyin kwampreso uku ka auna juriya (ohm) tsakanin bakunan kwampreson bibbiyu. Dole su zo daidai da juna. In mita ta nuna baki ɗaya ya haɗu da ƙarfen jikin kwampreson, kwampreso ya tafi.

Kuma don Allah a daina mayar da bireka ana sake gwadawa.