Tambaya da Amsa: Wai ana cin galaba kan maleriya kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni fa abin nan yana ɗaure min kai, ana raba gidan sauro, damina na kamawa ga masu magani nan suna bi gida-gida, amma a watan Agusta yarana biyu suka kwanta lokaci ɗaya, ƙaramar har sai da aka ƙara mata jini. To ci gaban da ake ta faɗa a rediyo ina yake?
Maman Sadiƙ, Daura

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman Sadiƙ, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Ci gaba kam akwai, sai dai bai kai a miƙe ƙafa ba. Yadda ake aunawa shi ne ma'aikata su zaga gidaje a faɗin ƙasa, su tsaga yatsan yara 'yan ƙasa da shekara biyar su duba jinin, har da masu wasansu a tsakar gida lafiya lau. A 2010 yara 42 cikin 100 aka samu da ƙwayar cutar, a 2015 ya sauko 27, a 2021 kuma 22. Kin ga daga 27 zuwa 22 shekara shida aka ci, wannan tafiyar hawainiyar ce take damuna wallahi. Kuma lissafin ƙasa ne duka, an haɗa mu da Legas inda cutar ta yi sauƙi sosai, shi ya sa ba ki ganinsa a ɗakinki.

Kawar da ita gaba ɗaya wata maganar ce daban, sai ƙasa ta shekara uku a jere sauronta bai sa wa kowa cutar ba kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaida, kamar yadda Aljeriya ta samu a 2019, Masar a 2024. Mu kuwa cikin mutum kusan 597,000 da ta kashe a duniya a 2023, kusan ɗaya bisa uku 'yan Najeriya ne.

Maganin daminar nan fa na kwana uku ne kowane wata, na farko a gaban ma'aikaciya, sauran biyun ke za ki bayar, kuma nan ne iyaye da yawa ke sakaci, sai ki tarar da shi a kan taga har ya jiƙe. Ki tabbatar sun shanye. In jikin yaro ya yi zafi kada a fara da kemis, a je a yi gwaji a ranar.